Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Inda Babba Zai Sami Ajin Yamma a Kano





Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin magidanta, da matan aure, da ma'aikatan da ritaya ta ƙarato musu. Mutum ya girma, yana da aikinsa ko kasuwarsa, yana da iyali, amma akwai wani abu da ransa ya daɗe yana so ya iya. Wani rubutun zayyana yake sha'awa tun yana makarantar allo. Wata ɗinkin hula take so, ko haɗa turaren wuta da humra. Wani so yake ya ji Faransanci, wani lambu, wani kuma labari ne ke cinsa a zuci bai san yadda zai zuba shi a takarda ba. Da rana babu hali, sai da yamma. To ina za a je?

Amsar da na zo da ita gajeriya ce, sauran laccar duk bayaninta ne. Ajin da kake nema yana nan, kuma sau da yawa bai wuce tafiyar ƙafa daga ƙofar gidanka ba. Abu biyu ne suka ɓoye maka shi: shi ba shi da allon sanarwa, kai kuma kana jin nauyin tambaya. Zan tsaya a kan Kano domin ita na fi sani, amma wanda ya zo daga Zariya, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Damagaram, zai ga garinsu a cikin maganar.

Lokacin yana hannunmu

Abu na farko da babba yake cewa shi ne, "Ina na ga lokaci?" Mu duba da kyau. Daga sallar La'asar zuwa Magariba, sannan daga bayan Lisha zuwa lokacin kwanciya, yawancinmu muna da awanni da babu mai su sai mu. Maza na majalisa, ana shan shayi ana siyasa da ƙwallo. Mata sun gama girkin dare, an kunna talabijin ko an ɗauki waya. Ban zo in kushe majalisa ba, domin a can ake jin wanda ba shi da lafiya, a can ake haɗa kuɗin ta'aziyya da na suna, kuma zumunci ibada ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A cikin yammaci bakwai na mako, a ware biyu, kowane awa ɗaya da rabi. Awa uku ke nan a mako, fiye da awa 150 a shekara. Wanda ya ba wa allura da zare awa 150 zai ɗinka hular da zai sa ya je sallar Idi. Wanda ya ba wa wani harshe awa 150 zai yi gaisuwa da ciniki da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba yau aka fara ba

Wasu na ganin zaman babba a gaban malami da yamma baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. Tarihinmu bai yarda da haka ba.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Matan da ta naɗa jajis manyan mata ne masu hankali da shekaru. Takan ba kowace malfa da jan ƙyalle alamar muƙami, su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koyar da matan da aure da hidimar gida suka hana fita neman ilimi. Karatun manya ke nan tsantsa, kuma an tsara shi ne daidai da rayuwar mai koyo.

A birnin nan kuma, makarantun ilimi na zaure sun girmi kowace makarantar boko. Har gobe, bayan Magariba, za ka ga ɗan kasuwar Kwari ko na Kurmi ya rufe rumfa, ya naɗe ƙafa a kan tabarma da Ahalari ko Iziyya ko Risala a hannu, yana jiran layi ya zo kansa ya biya. Ba a tambayarsa shekarunsa, ba a yi masa jarrabawar shiga, kuma babu ranar da za a ce ya makara.

Da boko ya zo, aka bi wannan sawu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. A farkon shekarun 1950 aka buɗe gangamin Yaƙi da Jahilci a duk faɗin Arewa, manya suna taruwa da yamma a zaure ko a gindin bishiya suna koyon karatu da rubutu da lissafi. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya domin samar wa waɗannan sababbin makaranta abin karantawa, har larduna suka sami jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. A 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, kuma a 1983 hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo saboda aikinta. A 1990 ne gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya, wato shekara goma bayan Kano.

Me waɗannan ajujuwa suka haifar? Zan ambaci mutum biyu da kowa a nan ya san su. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, a ajin manya na yamma ya yi karatun bokonsa a shekarun 1980, bayan ya riga ya girma. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure. Daga baya ta shiga ajin koyon ɗinki da saƙa, a nan ta ƙware a karatu da rubutun Hausa. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Ku lura da wannan: ɗinki ta shiga koya, ta fito da alƙalami. Wanda ya buɗe ƙofar aji bai san iyakar inda za ta kai shi ba.

Koyo don sha'awa

Akwai tambayar da ke kashe wa mutane gwiwa tun kafin su fara: "To, in ka koya me za ka samu?" Halin da ake ciki ya sa duk abin da ba zai kawo kuɗi gobe ba muna ɗaukarsa ɓata lokaci. Na yarda sana'a abin nema ce, kuma da yawa cikin abubuwan da zan ambata suna iya zama hanyar abinci. Amma ina so in tsaya wa wanda yake so ya koyi abu don kawai ransa na so.

Dubi ma'aikacin da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati. Ranar da ya ajiye aiki, in ba shi da abin da hannunsa ya iya ban da biro da fayil, sai ka ga ya zauna a ƙofar gida daga safe har dare, tunani ya yi masa yawa, jiki ya fara saki. Dubi uwar da ta aurar da autarta, gida ya yi mata faɗi. Dubi direban da ke wuni a cunkoson titi, ko malamar asibitin da ke wuni da marasa lafiya. Waɗannan duk suna bukatar wani abu da zai kwashe hankalinsu daga damuwa ya tattara shi a wuri ɗaya. Mai ɗinkin hula ba ya iya lissafin bashi a lokacin da yake ƙirga zare. Mai ban ruwan lambu yana ganin abin da ya shuka ya tsiro, zuciyarsa ta yi sanyi. Sannan aji yana ba mutum sababbin abokai waɗanda ba kasuwa ko ofis ne ya haɗa su ba.

Akwai kuma amfanin da ya wuce na mutum ɗaya. Sana'o'in hannu da aka san Kano da su suna ƙarewa ne a hannun tsofaffi, saboda 'ya'yansu sun kama wasu hanyoyi. Duk babban da ya zauna gaban baduku ko marini ko masaƙi don ya koya, ko da bai sayar da komai ba, ya ƙara wa wannan ilimi kwana a duniya. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun yi gaskiya a kan tarbiyya. A kan neman sani kuwa, Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: gemu ba ya hana ilimi.

Ƙofofi huɗu

Yanzu ga kan maganar. Ina ake samun waɗannan ajujuwa? Ƙofa huɗu zan nuna.

Ƙofa ta farko, wadda ta fi kusa kuma aka fi mantawa da ita, ita ce masu sana'ar unguwa. Sunayen unguwannin birnin nan kansu jagora ne: Dukawa, Soron Ɗinki, Ƙofar Mata da karofinta wanda ake cewa tun 1498 yake. A Farm Centre masu gyaran waya suke. A kowane lungu akwai tela, da kafinta, da mai ɗinkin hula, da matar da duk unguwa ta san babu mai ƙunshi ko alkaki kamarta. Babu ɗayansu da ya rubuta "ana koyarwa" a ƙofa, amma da wuya ka je da ladabi su mayar da kai.

Bari in nuna muku yadda irin wannan zama yake. Ka je wurin alaramma mai rubutun Alƙur'ani bayan La'asar ka ce kana son koyon zayyana. Ranar farko ba zai ba ka takarda ba. Zai miƙo maka karan gamba da 'yar wuƙa ya ce ka fiƙe alƙalami. Za ka fiƙe, bakin ya tsage, ya karɓa ya duba, ya miƙo wani. Sai ka iya wannan zai nuna maka yadda ake dama tawada da ƙaro don ta kama, da yadda ake tsoma alƙalami a kaɗe shi a bakin kurtu don kada ya ɗiga. Daga nan ka fara jan layi a kan allo, ka wanke, ka sake. Sai can gaba za ka kai ga launuka, ka gane dalilin da ya sa a rubutun hannu na ƙasar nan ake sa wasulla da ja, hamza da ɗigon ruwan ɗorawa, alifin da ake sadarwa da kore. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta irin wannan rubutu, ranar zai fara ganinsa da sabon ido.

Haka abin yake a rini. Aikin karofi na rana ne, amma ƙullin da ke fitar da zane a jikin yadi mata ne ke yin sa a cikin gida, da allura da zare, a lokacin da suka sami sarari. Mace na iya koyon ƙulli wurin maƙwabciyarta da yamma, in ta gama a kai wa marina. Wanda ya tsaya bakin karofi ya ga an tsamo yadi daga ruwan baba yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a kan idonsa, ba zai sake yi wa baƙin rawani kallon banza ba.

Shiga wannan ƙofa na da ladubbanta. Ka nemi wanda ya san mai sana'ar ya raka ka. Ka je a lokacin da ba ya tsakiyar aiki. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, cewa sha'awa ce, ba ka zo ƙwace masa masu ciniki ba. Ku yi maganar abin da za ka riƙa bayarwa tun farko, ko da ya ce a bar shi, domin ko a makarantar allo akwai kuɗin Laraba. Ka sayi kayan aikinka da kanka. Sannan ka ajiye muƙaminka a bakin ƙofa tare da takalminka. Ko kai darakta ne, a nan almajiri kake, ko da malamin sa'an ɗanka ne.

Ƙofa ta biyu ita ce masallaci da Islamiyya. Makarantun dare na manya sun cika unguwanninmu, na maza daban, na matan aure daban. A can ake samun tajwidi, da Larabci, da fiƙihu, da rubutun ajami ga mai so. Ko abin da kake nema ba na addini ba ne, kada ka raina wannan ƙofa, domin limami da ladan da shugabar Islamiyyar mata sun fi kowa sanin waye ya iya me a unguwa. Tambaya ɗaya bayan sallar Magariba takan yi abin da yawon mako guda bai yi ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta hukuma. Hukumar Ilimin Manya tana nan tana aiki, tana da ajujuwan karatu da rubutu da cibiyoyin mata inda ake koyar da ɗinki da saƙa da sauran sana'o'in hannu. Jihar nan na da ƙananan hukumomi 44. Ka shiga sakatariyar taku ka tambayi jami'in da ke kula da ilimin manya, ka ce a nuna maka cibiyar da ta fi kusa da kai da lokutan da take buɗewa. Wanda sha'awarsa ta girma har yake son takardar shaida, Jami'ar Bayero na da makarantar ci gaba da karatu ta masu aiki, tana kuma da sashen da ya keɓanta da nazarin ilimin manya. Laburaren Murtala Muhammad wuri ne na zuwa a duba allon sanarwa a kuma tambayi ma'aikata. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, su ma wuraren tambaya ne ga mai son tarihi da kayan gargajiya, domin ma'aikatansu sun san masu sana'ar da suka rage.

Ƙofa ta huɗu ita ce ƙungiyoyi da cibiyoyi masu zaman kansu. Mai son Faransanci, musamman ɗan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Maraɗi ko Yamai ko Kwatano, ya nemi Alliance Française da ke nan Kano ya tambayi jadawalinsu. Mai son rubutu ya nemi reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. Marubuta na zama su karanta abin da suka rubuta a yi musu gyara, kuma sabon shiga na ƙaruwa ko da sauraro kawai ya yi. Akwai cibiyoyin koyon kwamfuta, da na girke-girke, da na ɗaukar hoto, da wuraren motsa jiki. Irin waɗannan su ne ke tallata kansu a rediyo da Facebook da WhatsApp. A nan waya na da amfani: ka rubuta a zauren WhatsApp na unguwarku ko na tsofaffin ɗalibanku cewa kana neman inda ake koyar da abu kaza da yamma. Kafin gari ya waye za ka ji amsa. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ka biya kuɗi

Ba duk mai talla ne malami ba, don haka ga abin da za ka duba.

Ka roƙi a bar ka ka zauna sau ɗaya ka ga yadda ake yi. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. In ka zauna, ka ƙirga ɗalibai ka ƙirga kayan aiki. Mutum ashirin a kan keken ɗinki biyu kallo suke yi, hannunsu ba zai faɗa ba. Ka ce a nuna maka aikin ɗaliban da suka yi wata uku, domin aikin malami ƙwarewarsa kawai yake nunawa, aikin ɗalibi ne ke nuna ko ya iya koyarwa. Ka lura da yadda yake yi wa mai kuskure magana. Babba ba ya jure tsawa a gaban mutane, in aka kunyata shi sau ɗaya ba zai dawo ba. Ka biya wata-wata, kada ka zuba kuɗin shekara a dunƙule. Ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da kayan aiki. Sannan ka yi nesa da duk wanda ya ce ka sayi fom yanzu, in an gama za a ba ka jari ko tallafin gwamnati. Da irin wannan alkawari aka cuci bayin Allah da yawa, musamman mata.

Ka duba nisa. Ajin da sai ka hau mota biyu kafin ka isa, ɗokin farko ne zai kai ka, damina na sauka za ka daina. Gara matsakaicin malami a bayan layinku da gwani a ƙarshen gari. Ka duba lokacin tashi, domin a 2022 gwamnatin jiha ta hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ga kuma masu ƙwacen waya da suka addabi wasu unguwanni. Ka duba ko suna da haske in an ɗauke wuta, ko suna tsayawa a yi salla a kan lokaci. Kuma ka ɗauki abu ɗaya. Wanda ya shiga Larabci da kwamfuta da ɗinki a wata guda, a wata na biyu duk zai zubar.

Kalma ga mazaje da iyaye

Mata sun fi mu ƙishirwar wannan abu, kuma sun fi mu naci in sun samu. Ku je kowace Islamiyyar matan aure ku gani. Abin da ke tare su shi ne izini, da wanda zai riƙe yara, da tsoron hanya. Duk ukun a hannunmu suke. Maigida, in uwargida ta ce tana son ta koyi saƙa ko haɗa turare ko karatun boko, ka je da kanka ka ga wurin, ka san malamar, ka raka ta ko ka sa a raka ta. In fita da dare ba ta yi maka ba, akwai ajin bayan La'asar, akwai kuma na Asabar da Lahadi. In fitar ce gaba ɗaya ba ta yiwuwa, a kawo malamar gida, matan layi su taru a tsakar gida ɗaya, kamar yadda jajis suka yi tun zamanin Nana Asma'u. Yaron da ya tashi ya ga uwarsa da littafi, ya ga ubansa mai furfura yana cewa "bari in tafi makaranta", ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan karatu ba.

In babu, ku kafa

Mai yiwuwa ka ƙwanƙwasa ƙofofin nan huɗu ba ka sami abin da kake so ba. To ka sani ba kai kaɗai ke nema ba. Ajin yamma abu uku yake bukata: malami, da wuri, da mutanen da suka yi niyya.

Malami yana cikinku. Kowace unguwa na da tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, da tsohon malamin gona, da wanda ya yi zaman Sudan ko Makka ya iya Larabci kamar ruwa, da tsohuwar da ta san haɗin yaji da dakan fura irin na da. Da yawansu jira suke a tambaye su, kuma ranar da aka tambaye su ji suke an karrama su. Da tsohuwar zuma ake magani. Wuri ma yana nan: zauren mai unguwa, ko harabar masallaci, ko ajujuwan firamare da ke kulle tun daga tashin yara har wayewar gari. A je wa shugaban makaranta da sakataren ilimi da takarda a nemi izini. Kuɗi kuwa, a yi shi kamar adashi: mutum goma su riƙa zuba abin da suka amince a kai duk wata, a sallami malami, a sayi fitila mai aiki da hasken rana da kayan aiki. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe kuɗi, wani mai rubuta sunayen masu zuwa. A tsayar da rana da lokaci, kada a riƙa ɗagawa saboda kowane biki. A yanke cewa za a yi wata uku, in an kammala a kira iyalai su zo su ga abin da aka yi, sannan a sake sabon zagaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kira ga hukumomi

Ina da roƙo uku ga masu iko, kuma babu mai tsada a cikinsu. Na ɗaya, kowace ƙaramar hukuma ta tattara sunayen ajujuwan manya da ke yankinta, na gwamnati da na masu zaman kansu, da abin da ake koyarwa da lokaci, a liƙa a sakatariya da ƙofar dagaci da masallatan Juma'a, gidajen rediyo kuma su riƙa karantawa. Na biyu, a sauƙaƙa wa jama'a aron ajujuwan makarantun gwamnati da yamma, a sa musu haske. Na uku, a riƙa ɗaukar tsofaffin masu sana'ar gargajiya a matsayin malamai a cibiyoyin ilimin manya, a biya su, tun kafin su tafi da abin da ke kansu. Jihar da ta riga kowa kafa hukumar ilimin manya a 1980 ita ta fi cancanta ta riga kowa yin wannan.

Kammalawa

Jama'a, malamai suna nan, wurare suna nan, lokaci ma mun ga yana nan. Abin da ya rage shi ne mutum ya cire kunya ya buɗe baki. Kowa a ɗakin nan ya san abin da ya daɗe yana cewa "wata rana zan koya". Ina roƙon kowannenmu, kafin Juma'a mai zuwa, ya tambayi mutum uku inda ake koyar da abin nan: limamin masallacinsu, da mai sana'ar da ke kusa da shi, da jami'in ilimin manya na ƙaramar hukumarsu. Wanda kuma Allah ya ba wani sani, komai ƙanƙantarsa, ya shimfiɗa tabarma a zaurensa ya gaya wa maƙwabta cewa ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a cikin lokacinmu, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu.